Ranar da Turame Suka Yi Shiru

Tun da aka cike kududdufin bayan gidanmu ban ƙara jin kukan kwaɗi ba. Da can idan damina ta zauna, su ke raka mu tun daga magariba, har mukan yi musu tsaki mu ce sun hana mu jin kiran sallah. Yanzu shaguna ne jere a wurin, na bulo, masu ƙofofin ƙarfe, da janareta a bakin kowanne. Shi kuwa ruwan sama ba a gaya masa an sayar da masaukinsa ba. Yana gangarowa daga Goron Dutse kamar yadda ya saba tun kafin a haifi kakanninmu, ya biyo lunguna, ya zo ya tarar da siminti, sai ya juyo ya shigo mana gidaje. Gidajenmu na ƙasa ne. Duk wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san abin da ke biyo baya idan ruwa ya kwana a gindin katanga.

An kawo ni unguwar nan ina da ƙuruciyata da ƙarfina. Ba zan ce kududdufin abin sha'awa ba ne. Da rani yana wari, da damina yana haifar sauro, kuma babu uwar da ba ta taɓa dukan ɗanta a kan wanka a cikinsa ba. Amma daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina kowane gida a unguwar, kuma can ruwan kowane gida yake komawa. Surukata takan ce, ramin da ya ba ka ɗaki shi ke riƙe maka ɗakin. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Abin da ya fi shiga raina a shekarun nan shi ne sautin safiya. Ana idar da sallar asuba turmi ɗaya zai fara, can wajen gidan rini, sai wani ya amsa masa, kafin rana ta fito unguwa duka ta ɗauka. Kowace mace da irin dakanta. Kana kwance za ka san wace ce ta makara, wace ce ke fushi da mijinta, wace ce ciki ya fara yi wa nauyi. Ni da maƙwabciyata Kande mukan haɗu a turmi ɗaya mu yi lugude, mu cilla taɓarya sama mu tafa kafin ta dawo, har surukata ta leƙo ta ce, “Ku dai gero kuke daka ko biki kuke yi?”

Ba ma fita a wancan zamanin, amma ba a rufe muke ba kamar yadda yaran yanzu suke zato. A jikin katangar kowane gida akwai 'yar ƙofa, sai an sunkuya ake shiga, an saya ta da guntun asabari. Ta nan ake aron wuta da gishiri, ta nan ake kiran ungozoma, ta nan labari ke tafiya. Mace za ta iya ratsa unguwa daga wannan baki zuwa wancan ba ta taka titi ba. Kuma daga cikin gidajen nan ne unguwa take ci. Koko da ƙosai, fura, dambu, waina, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, duk hannunmu ne. Leburori da masu jakai da 'yan kasuwa da gwauraye, babu wanda ya taɓa ganin fuskarmu, amma babu wanda bai san ɗanɗanon hannunmu ba.

Mace ɗaya ce take yawo a fili, wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Mai Kitso. 'Yar siririya ce, ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a wani ɗan ɗaki a bakin kududdufin. Kullum da tsinken kitso a soke a ɗankwalinta da ɗan kwanon man shanu a hannu. Babu gidan da ba ta shiga, daga na Mai Unguwa har na mai kwasar shara. Ba ta ɗaga murya. Ban taɓa jin ta ce da wata yi kaza ba. Ita dai tambaya gare ta, kai kana kan cinyarta ba ka da wurin gudu.

Sai wata shekara, ana dab da faɗuwar damina, muka wayi gari da jakai suna juye ƙasa da shara a gefen ruwan. Wani attajiri ne, mai cinikin gyaɗa, ɗan unguwar, aka ce ya sami izini daga sama zai cike wurin ya gina sito. Maza suka taru bayan sallah suka je wurin Mai Unguwa. Wanda ya yi musu magana Malam Tanko ne, tela, mutum mai baki da zuciya. An ce ya faɗi abin da ya kamata a faɗa, har ya ƙara da wanda bai kamata ba. Kafin la'asar 'yan doka suka zo suka ɗauke shi daga kan kekensa. Daga nan jikin maza ya yi sanyi. Maigidana, wanda malamin allo ne mai sanyin hali, ya shigo ya zauna ya ce, “Sai addu'a.” Jakai suka ci gaba da zuwa.

A cikin kwanakin nan Gwaggo ta zo yi mini kitso. Ta tsefe, ta shafa mai, ta kwantar da kaina a cinyarta, sannan ta ce, “'Yar nan, ni tsohuwa ce, kaina ba ya ja. Ruwan da ke saukowa daga dutse, in aka toshe masa ɗakinsa, ɗakin wa zai kwana?”

Na ce, “Oho, Gwaggo. Ai maza sun je sun yi magana.”

“Sun yi. Ga Tanko can yana hutawa.” Ta ja tsaga ɗaya. “Masu jakan nan, bayin Allah, tun asuba suke aiki. A ina suke karya kumallo?”

“A nan mana. Kokona ma suke sha.”

“Ashe? To Allah ya ƙara kasuwa. Ashe da kokonki ake cike shi.”

Maganar ta soke ni fiye da tsinken. Na yi lamo ina jin kukan jakai ta bayan katanga. Can na ji bakina ya ce, “To in muka daina fa? In duk muka ajiye taɓarya?”

Ta ce, “Af! Wannan magana taki ce, ni ban faɗa ba. Amma dai kina da kai, ba gashi kaɗai ba.”

Da ta zo ƙarshe sai na ji ta ware ɗan gashi a bayan kunnena na hagu, ta kitsa shi siriri, ta juya shi ya kalli gaba, saɓanin sauran. Na ce mene ne wannan. Ta ce ado ne, in ba na so ta tsefe. Na ce ta bar shi. Na kwana ina jin ni ce na ƙirƙiro dabarar, ina tsoro ina kuma jin daɗi. Sai da aka yi suna a gidan rini muka taru, zafi ya sa mata suna kwance ɗankwali suna sake ɗauri, na ga Kande tana sosa bayan kunne tana kallona. Irin nawa ne a kanta. Na waiga, na gan shi a kan mai jego, na gan shi a kan matar liman, na gan shi har a kan uwargidan Mai Unguwa. Babu wadda ta ce uffan. Aka ci tuwo, aka yi guɗa, aka watse. Daga baya na gane kowacce a cikinmu ta kwana tana zaton daga bakinta maganar ta fara fita. Kuma namiji ba ya ganin kan matar wani, nasa kuwa ba ya lura.

Muka yi shiri a hankali. Aka tara ƙanzo da gumba da ƙuli-ƙuli saboda yara da marasa lafiya. Sannan wata rana da yamma magana ta biyo ƙananan ƙofofin nan, daga baki zuwa kunne: gobe hannu zai yi ciwo.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar nan. Aka idar da sallah, turmin gidan rini bai fara ba. Babu wanda ya fara. Na zauna a bakin ɗakina hannuwana a kan cinya, ban san inda zan sa su ba. Na ji kukan kurciya a kan dabinon masallaci, wanda ban taɓa sanin tana yi da safe ba. Na ji guga yana bugun bakin rijiya a gida na uku. Na ji takun maza suna dawowa daga masallaci, suna tsayawa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi mutuwa. Babu hayaƙi a sama. Yara ba su fita da talla ba. Shirun ya yi nauyin da har jarirai kamar sun ji shi.

Maigidana ya shigo ya dubi murhu, ya dube ni. Ya ce, “Lafiya?”

Na ce, “Hannuna ke ciwo, Malam.”

“Wanne?”

“Duka biyun.”

“Ikon Allah. Yanzu liman ya gaya mini na gidansa ma haka. Annoba ce ke nan.” Na miƙa masa jiƙaƙƙen ƙanzo ina jiran faɗa. Ya ci loma biyu, yana tauna kamar mai cin tsakuwa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “Allah ya ba hannun nan lafiya. Amma kada ya yi gaggawa.”

Ba kowace mace ta dace da miji irin nawa ba. Akwai waɗanda aka zaga, akwai wadda aka mara, akwai wadda aka ce ta tafi gidansu, ta tafi ta ƙofar mata zuwa gidan maƙwabta ta zauna. Cinikinmu ya tsaya, kuma da shi muke sayen sabulu da zanen yara. Amma turmi bai yi ƙara ba. Masu jakai suka zo suka yi ta zagaye da kwanukansu, babu koko, babu fura, kafin azahar suka kora dabbobinsu suka nufi wajen Ƙofar Na'isa neman abin ci. Washegari kaɗan ne suka dawo. Aka turo 'yan doka, suka tsaya a zauruka suna muzurai, domin ba a shiga gidan matan aure. Aka sa kowane magidanci ya tambayi iyalinsa wa ya ba da umarni. Kowacce ta rantse babu wanda ya umarce ta, kuma babu wadda ta yi rantsuwar ƙarya. An ce sun tare Gwaggo a lungu, ɗayansu ya ce, “Ke tsohuwa, ke da kike shiga ko'ina, wa ya ƙulla wannan?” Ta ce, “Ɗana, ni bayan kai nake gani, ba na ganin cikinsa. In ka samo shi ka gaya mini, ni ma yunwa nake ji.” Suka yi dariya suka ba ta hanya.

Abin da ya ƙarasa aikin a gidan attajirin kansa ya faru. Mahaifiyarsa tana da rai, tsohuwa tukuf wadda ta shekara da shekaru ba ta ɗaga taɓarya ba. Ita ma hannunta ya kama ciwo, har ya kasa kai loma baki. Ya sa aka sayo mata abinci daga wata unguwa, ta dube shi ta kawar da kai. Ya durƙusa ya roƙe ta, ta ce ita ba ta ce masa komai ba, hannu ne. Wa yake yi mata kitso, ba sai na faɗa ba. Ba a rufa mako ba jakai suka daina zuwa, aka sako Malam Tanko.

Ranar an yi murna. Attajiri ya ce ya fasa ne saboda Allah da zumunci, aka sa masa albarka a masallaci. Samari suka ɗaga Malam Tanko a kafaɗa, maroƙa suka yi masa kirari, har gobe da sunansa ake kiran lungun da shagonsa yake. Ban ce bai cancanta ba, shi ya sha bulala. Amma ni lokacin jinina yana tafasa. Ina kan cinyar Gwaggo muna jin hayaniyar ta bayan katanga, na ce, “Gwaggo, wallahi ke ce fa! Ya za a yi ana ta Tanko, Tanko?”

Ta fizgi gashina har sai da na yi ƙara. “Tsaya da kanki, kina ɓata mini tsaga. Ni me na yi? Kitso na yi.” Ta sa tsinke ta tsefe ɗan siririn nan na bayan kunne, ta haɗe shi da sauran. Sannan a hankali ta ce, “Tsintsiya ake yabo in ɗaki ya sharu, ki bar ta ta sha yabonta. Ranar da aka gane maɗauri, ranar za a nemo wuƙa.”

Ta rasu bayan wasu shekaru, da rani, mutanen da suka raka ta ba su cika sahu biyu ba. Kududdufin kuwa ya riƙe mana ruwa har na aurar da 'ya'yana, har na ga jikoki.

Da maganar cikewa ta sake tasowa, ba da jakai aka zo ba, da tifa aka zo, kuma babu wanda ya san fuskar mai wurin. Kamfani ne, aka ce. Jikana, wanda ya ci sunan maigidana, shi ya sa nake ce masa Ango, yana cikin samarin da suka tashi tsaye. Sun kafa ƙungiya da shugaba da sakatare da ma'aji, sun buga riguna, sun je gidan rediyo, hotunansu suna yawo a waya. Ba na raina su. Yara ne masu zuciya, irin ta Malam Tanko. Wata rana ya shigo yana gumi, na ba shi labarin nan. Ya ce, “Ke tsohuwa, kina da wannan kika ɓoye? Ba ni sunanta da hotonta in sa a waya, duniya ta gani.”

Na ce, “Angon banza, ko sabulu ba ka saya mini sai neman suna. Hoto a ina?”

“To sunan.”

Na buɗe baki, sai na ga babu. An ce sunan mahaifiyar mijinta gare ta, shi ya sa tun tana amarya aka sakaya shi don kunya, har ya ɓace. Na shekara nawa kaina a cinyarta ban san sunanta na yanka ba. Ya yi dariya ya ce, “Gwagwarmaya babu shugaba, babu suna? Hajiya, wannan ai tatsuniya ce.” Na ce ya yi hankali da hotunan nan, ya ce zamani ya canza.

Bai canza ta nan ba. Aka kira shugabansu, ya dawo da alƙawarin shago a ginin da za a yi. Sakataren ya kwana a rufe, ya fito bai ƙara magana ba. Jikana aka je wurin ubansa aka tuna masa inda yake aiki. Duk wanda za a nema, sunansa da fuskarsa suna nan a rubuce a gaban riga.

Sai Kande ta aiko a kira ni. Gidanta ya fi nawa gangare, ɗakinta ne na ƙarshe kafin ruwan. 'Yar ƙofar da ke tsakaninmu an daɗe da toshe ta da bulo, lokacin da aka raba gado, don haka sai da na zagaya ta titi da sandata. Ta ce, “Ke, mun mutu ne? Tashi mu shiga gidaje.” Muka shiga, tsofaffi biyu, muna buga ƙofofin ƙarfe muna jira a leƙo a ga ko su waye. An karɓe mu da mutunci, aka ba mu kujera da ruwan leda. Matan yanzu ba sakarkaru ba ne, wasunsu malamai ne, wasu suna aikin asibiti, sun fi mu sanin duniya. Wata ta saurare mu har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “Hajiya, ni fa ko turmi ba ni da shi, inji nake kai niƙa. In na ƙi girki ya sayo a waje. Direbobin tifar ma ba a nan suke ci ba.” Wata ta ce ba ta san matar gidan da ke jikin nata ba, haya suke yi. Kitso kuwa shago ake zuwa, kowa da nasa. Muka fito muka tsaya a lungu, babura suna wucewa, injin markaɗe yana kuka, janareta suna amsa masa. Kande ta matso kusa da kunnena, domin sai da ƙarfi ake ji, ta ce, “Ko mun yi shirun, wa zai ji?”

Na ce ta dawo ɗakina kafin damina. Ta ce a nata ɗakin aka kawo ta, a nan ta haihu, ba za ta bar wa ruwa shi ba.

Aka gama cike wurin. Ruwan ya zo ne bayan la'asar, wata ranar Juma'a, irin wanda a da muke tara bokitai muna murna. Ya sauko daga dutse, ya je inda ya saba, ya dawo. Kafin magariba ya kai gwiwa a tsakar gidanmu, tsohon turmina da na kife nake zama a kai yana yawo a kansa. Ban ji faɗuwar katangar ɗakin Kande ba saboda ƙarar ruwa a kan kwanon rufi. Ihun yara na ji.

Ni na yi wa gawarta wanka, da 'yarta da wata jikarta suna zuba mini ruwa. Da na kwance ɗankwalin, gashin ya zama fari fat, ɗan kaɗan ya rage, an kama shi gida biyu kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Na juya kanta don in wanke ƙasar da ta shiga, sai yatsana ya taɓa wani abu a bayan kunnen hagu. Siriri ne, a karkace, an juya shi yana kallon gaba. Da gani ita ta kitsa abinta da hannunta, tun ranar da muka shiga gidaje ko kafin nan, ba ta gaya mini ba.

Jikar ta leƙo ta ce, “Hajiya, wannan kuma wane irin kitso ne?”

Na ce, “Ado ne, 'yar nan. Zubo ruwa.”

Ba a kai mace makwancinta da tsohon kitso, sai an tsefe an wanke. Na sa farce na warware shi a hankali, na haɗe shi da sauran gashin. A duk faɗin unguwar nan ni kaɗai na san abin da na tsefe.